Minti goma ba ya isar mai bugun zuciya mara tsari

Ranar da aka fara gaya wa kawuna cewa zuciyarsa ba ta bugawa daidai, ni na raka shi. Daga shigarmu wurin likita zuwa fitowarmu ba na jin an kai minti goma. Likitan mutumin kirki ne, bai ɗaure mana fuska ba. Ya warware doguwar takardar da injin awon zuciya ya fitar, ya nuna mana inda layin yake tsalle babu ƙa'ida, ya ce, "Baba, zuciyarka tana bugawa ba tsari. Zan rubuta maka magani biyu, ɗaya zai rage mata gudu, ɗayan kuma na tsinka jini ne. Don Allah kada ka yi wasa da su." Kawu ya ce to, ya yi godiya. A bakin ƙofa mutum sama da ashirin ne zaune kan benci, kowa da katinsa a hannu yana jiran a kira sunansa. Sai da muka yi nisa sannan Kawu ya juyo ya ce mini, "Wai me ya haɗa zuciya da tsinka jini? Jinina ne ya yi kauri?" Ni ma ban sani ba, sai na yi shiru.

Bayan 'yan watanni ya ajiye maganin na biyu bai gaya wa kowa ba. Kuma idan aka bi hankalinsa, yana da hujja. Na farkon yana ganin amfaninsa, faɗuwar gaban da ke tashinsa cikin dare ta lafa. Na biyun kuwa ba ya jin ya yi masa komai, sai jini da yake gani a dasashi in yana wanke baki, ga kuma yawan zuwa awon jini. Wanda ya mayar da shi kan maganin wata dattijuwa ce da suka haɗu a wannan benci ranar komawa asibiti. Hannunta na hagu yana ajiye kan cinyarta, ɗiyarta ce ke riƙe mata kati. Hira ta kai su ga maganar magani, Kawu ya faɗa mata abin da ya ɓoye mana. Ta ɗaga hannun da ya shanye da ɗayan hannun, ta ce, "Malam, ni ma haka na yi. Na ga lafiyata ƙalau na ajiye shi. Ka ga abin da ya biyo baya." A daren nan ya nemi kwalin maganinsa.

Tun daga ranar nake tunanin wannan benci. Marasa lafiya suna taruwa a kansa ko asibiti ya shirya ko bai shirya ba, suna tambayar juna, suna ba juna shawara, mai kyau da marar kyau, awa biyu ko uku, alhali mutumin da ya san amsar yana bayan ƙofa yana maimaita magana ɗaya wa mutum ashirin ɗaya bayan ɗaya, kowa minti goma. Ra'ayina shi ne a shigo da zaman bencin nan ciki, a ba shi ɗaki da kujeru da lokaci, likita ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ta zauna a tsakiya. Wannan shi ne abin da ake kira ganin likita a rukuni, kuma ina ganin masu bugun zuciya mara tsari suna cikin waɗanda suka fi kowa buƙatarsa.

Sai an fahimci ciwon kafin a fahimci dalili. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan wuri da ke ba da umarnin bugawa, kamar makaɗin da ke riƙe wa sauran kari, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. A irin ciwon da nake magana a kai, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, kuma shi ya fi yawa cikin cututtukan rikicewar bugun zuciya masu daɗewa, umarnin yakan riƙa fitowa daga wurare barkatai, sau ɗaruruwa a minti. Ɗakunan saman sai su daina matsawa, su koma karkarwa kawai. Na ƙasan kuma su riƙa amsa abin da ya iso gare su, wani bugun da wuri, wani a makare. Abin da mai ciwon yake ji ke nan: faɗuwar gaba, haki, jiri, gajiya marar dalili. Wasu ma ba sa jin komai sam.

Amma haɗarin yana wani wuri daban da inda ake jin ciwon. Idan ɗakin sama ya daina matsawa, jini yakan kwanta, musamman a wata 'yar aljihu da ke jikin ɗakin hagu. Jinin da ya kwanta yakan daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, hanyar ƙwaƙwalwa a buɗe take gare shi, ya je ya toshe jijiya, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko baki ya karkace ko magana ta ɗauke. Dogon binciken nan na garin Framingham a Amurka ya nuna a 1991 cewa wannan ciwo yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Binciken dai ya ƙiyasta a 2004 cewa cikin mutum huɗu da suka kai shekara 40, kusan ɗaya zai gamu da ciwon kafin ƙarshen rayuwarsa. Maganin tsinka jini irin wafarin yana rage haɗarin shanyewar da kusan kashi biyu cikin uku. Magani ne mai ƙarfin gaske, amma mai shansa ba zai taɓa jin daɗin da ya yi masa a jiki ba, domin aikinsa hana abin da bai faru ba tukuna.

A nan matsalar take. Mai ciwon yana tsoron abin da yake ji, faɗuwar gaba, wadda sau da yawa ba ita ce mai kisa ba. Abin da ya kamata ya tsorata da shi kuwa ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Juyar da tsoron mutum daga wancan zuwa wannan aiki ne mai cin lokaci. Ana buƙatar a faɗa, a zana a takarda, a sake faɗa da wasu kalmomi, mutum ya je gida ya kwana da maganar ya dawo da tambaya. Likitan da layi ke jiransa ba shi da wannan sarari, kuma ban ga laifinsa ba. Na ga laifin tsarin da ya ɗauka cewa kowane ciwo da minti goma ake gama shi, ko ƙurji ne ko ciwon da mutum zai rayu da shi shekara ashirin.

Tara marasa lafiya masu ciwo iri ɗaya a gaban likita tsohon abu ne. A 1905 wani likita a birnin Boston mai suna Joseph Pratt ya fara tara matalauta masu tarin fuka waɗanda ba su da halin zuwa wuraren jinya na musamman. Duk mako suna haɗuwa, a auna nauyinsu, a duba littafin da kowa yake rubuta yadda ya yi makon, kuma Pratt ya lura cewa ganin wanda ya samu sauƙi yana ƙarfafa wa na baya gwiwa. A 1991 likita John Scott na cibiyar Kaiser Permanente a jihar Kolorado ya fara tara tsofaffin da yake dubawa wata-wata. A 1996 Edward Noffsinger, masanin halayyar ɗan Adam da shi kansa ya sha doguwar jinya, ya fito da nasa salon a Kalifoniya. Wata ungozoma kuma, Sharon Rising, ta fara awon ciki a rukuni a 1993, kuma gwajin da aka wallafa a 2007 kan mata sama da dubu ya nuna haihuwar bakwaini ta tsaya kusan kashi 10 cikin 100 ga masu zuwa rukuni, alhali ta kai kusan kashi 14 ga masu zuwa ɗaya-ɗaya. A Khayelitsha ta Afirka ta Kudu da lardin Tete na Mozambik, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da ƙungiyoyin marasa lafiya wajen riƙe masu cuta mai karya garkuwar jiki a kan maganinsu.

Yadda zaman yake tafiya babu wuya. Mutum takwas zuwa goma sha biyu, awa ɗaya da rabi ko kusa da haka. Kafin a zauna an auna wa kowa hawan jini da bugun zuciya da nauyi, masu shan wafarin an yi musu awonsu. Sai likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban sauran: yaya kwanan ciwon, maganin yana karɓarka, akwai ranar da ka tsallake, ka ga jini a wani wuri. Yana duba fayil, yana gyara magani, yana rubuta sabon awo, kamar dai yadda zai yi a ofishinsa. Wanda yake da maganar da ba ta jama'a ba, ko wanda sai an duba jikinsa, akwai ɗaki a gefe. Ina jaddada wannan saboda mutane da yawa suna jin "rukuni" sai su ɗauka lacca ce, a tara mutane a karanta musu takarda a sallame su. Idan babu wanda zai iya canza maka magani a ɗakin, to ba ka ga likita ba. Likitan bai ƙara awa a aikinsa ba, awa ɗaya da rabin nan ita ce dai zai raba wa mutum goma. Abin da ya canza shi ne kowannensu ya samu awa ɗaya da rabin gaba ɗaya.

Ka ɗauki wafarin kaɗai, ka ga yawan maganar da ke cikinsa. An fara sayar da shi ne a 1948 a matsayin maganin ɓera, sannan aka amince da shi ga mutane a 1954. Wannan labari yana yawo, kuma akwai wanda daga ranar da ya ji shi ya daina sha, yana jin kunyar tambayar likita ko gaskiya ne. A rukuni wani zai yi ƙarfin halin faɗa, sai a ga kawuna huɗu sun gyaɗa, likita ya amsa sau ɗaya: gaskiya ne, kuma gwargwado shi ne ya raba magani da guba, dalilin awon jinin ke nan. Awon nan da ake ce wa INR ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga mafi yawan masu wannan ciwo. Ya yi ƙasa, jini na iya daskarewa. Ya yi sama, jini na iya ɓallewa. Abubuwa da yawa suna motsa shi: wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wasu saƙe-saƙin ganye, sauya yawan bitamin K da mutum yake ci farat ɗaya, har zazzaɓi da gudawa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda mutane ke sha ba tare da tunani ba, suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Asfirin kuma, da wasu ke mayar da shi madadi don sun ji ana cewa shi ma yana tsinka jini, ba ya ba da kariyar da ake buƙata a wannan ciwo. Wane likita ne zai zuba duk wannan a kunnen dattijo cikin minti goma ya zauna?

Sababbin magungunan da suka fito daga 2010 zuwa sama, su dabigatiran da ribarokzaban da apikzaban, sun sauƙaƙa abin, domin ba sa buƙatar yawan awon INR. Sai dai sun zo da nasu tarkon. Aikinsu yana saurin fita daga jiki, wanda ya tsallake kwana ɗaya ko biyu ya koma kamar bai taɓa sha ba. Kuma tunda ba a kiransa awo akai-akai, babu mai lura da cewa ya daina. Mai shan wafarin aƙalla yana da dalilin da ke dawo da shi gaban ma'aikaci. Mai shan sabon magani yana iya ɓacewa wata shida. Zaman rukuni yana mayar masa da wannan igiya, ranar da ya san za a tambaye shi, a gaban mutanen da suka san fuskarsa kuma za su lura idan kujerarsa babu kowa.

Akwai abubuwan da sai da hannu ake koyonsu. Jin bugun jijiya a wuyan hannu yana cikinsu: yatsu biyu a ƙasan babban yatsa, a ƙirga na minti guda, a saurari ko tazarar tana daidai. Bayaninsa a baki daƙiƙa goma ne, amma mutum ba ya iyawa sai ya gwada a hannunsa, ya gwada a na maƙwabcinsa, ya ji bambancin mai tsari da marar tsari da yatsunsa. Haka alamomin shanyewar jiki, fuska ta karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa ana yin ta ne galibi cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma ko ba za a yi ta ba, kowace awa da aka ɓata a gida ana jiran a ga ko zai warware tana cin wani yanki na ƙwaƙwalwa. Wanda abin ya sama ba shi ne zai kai kansa asibiti ba. Saboda haka nake ganin kowane mara lafiya ya kamata a bar shi ya zo da mutum ɗaya na gida, mata ko miji ko ɗa, wanda zai kasance kusa ranar da abin zai faru. Su ma su ji da kunnensu cewa baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ko jini a fitsari, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko faɗuwar da aka bugu a kai, ba abin jira har gobe ba ne ga mai shan maganin tsinka jini.

Sai kuma ɓangaren da ya fi wuya, wanda babu ƙwayar da ke yin sa. Hawan jini, ƙiba, ciwon suga, giya, da irin minsharin nan da numfashi ke yankewa cikin barci, duk suna hura wutar wannan ciwo. A birnin Adelaide na Ostireliya an bi diddigin masu ciwon da ke da ƙiba, aka wallafa sakamakon a 2015: waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye suka riƙe hakan, damar da suke da ita ta zama babu ciwon ta ninka ta sauran kusan sau shida. A Melbourne kuma, gwajin da aka wallafa a 2020 kan mutum 140 masu shan giya ya nuna ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin 100 na waɗanda suka daina, ya dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Kowane likita ya san waɗannan alƙaluma, kuma kowane likita yana cewa "a rage ƙiba" a ƙarshen ganawa, lokacin da mara lafiya ya riga ya miƙe. Ba a rage ƙiba da jimla ɗaya. Amma idan wanda ke kusa da kai ya ce watan jiya ya fara tafiyar minti ashirin da safe, da farko yana tsoron zuciyar za ta tashi, ga yadda ya yi, maganar takan shiga ta wata ƙofa daban. Wanda ya riga ka shiga ruwa shi zai gaya maka zurfinsa ka yarda.

Ba zan ɓoye cewa rukuni ba ya warkar da komai da komai ba. A 2010 an wallafa wani gwaji da aka yi a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka kan masu ciwon suga da hawan jini, rukunin ya taimaka wajen saukar da hawan jini, amma awon suga bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Akwai kuma darasi daga Holan. A Maastricht an raba masu bugun zuciya mara tsari 712 gida biyu, wasu suna ganin likitan zuciya kamar yadda aka saba, wasu kuma ƙwararrun ma'aikatan jinya ne ke kula da su, suna ba su lokaci da bayani suna bin ƙa'idojin magani sau da ƙafa. A sakamakon 2012, mutuwa ko kwanciya asibiti saboda zuciya ta sami kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda ma'aikatan jinya ke kula da su, ta sami kusan kashi 21 na masu ganin likita. Wannan ba zaman rukuni ba ne, amma ya nuna abin da lokaci da bayani suke yi a wannan ciwo. Da aka sake gwada tsarin a asibitoci da dama na ƙasar bayan wasu shekaru, fa'idar ta fito ne a wuraren da ma'aikatan suka goge da aikin. Na ɗauki wannan da muhimmanci. Jera kujeru a da'ira ba ya isa, sai an samu mai jan zaman da ya san ciwon kuma ya iya mutane.

Babbar hujjar masu adawa ita ce sirri, kuma hujja ce ta gaskiya. Ciwo al'aura ne ga mutane da yawa. Akwai wanda ba ya son abokin aikinsa ya san zuciyarsa tana da matsala, akwai mai shan giya a ɓoye, akwai wanda maganin rage gudun zuciya ya taɓa masa kusantar iyali kuma ba zai taɓa furta hakan gaban mutum goma ba. A wuraren da ake wannan tsari kowa yakan sa hannu a takardar alƙawarin cewa abin da aka ji a ɗakin a nan zai tsaya. Takarda ba ta ɗaure harshe, wannan kowa ya sani. Abin da ke kare mutum da gaske shi ne zaɓi: shiga rukuni ya zama da yardarsa, ya san tun farko abin da za a faɗa a fili, ya iya cewa wannan sai mun keɓe, kuma ranar da ya ce ya fasa, ƙofar ganin likita shi kaɗai tana nan a buɗe ba tare da an tura shi ƙarshen layi ba. Inda za a iya, a tambayi mutane ko sun fi sakewa maza daban mata daban, a yi musu yadda suka zaɓa.

Hujja ta biyu ta fi ba ni tsoro. Masu wannan ciwo sunansa ɗaya amma ba maganinsu ɗaya ba. Likitoci suna ƙirga maki kafin su yanke wa mutum shan maganin tsinka jini: hawan jini maki ɗaya, suga ɗaya, gazawar zuciya ɗaya, shekara 65 zuwa 74 ɗaya, 75 zuwa sama biyu, wanda ya taɓa shanyewa biyu. Matashin da ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan mai yiwuwa ba ya buƙatar maganin, dattijon da ke gefensa kuwa rayuwarsa ta rataya a kansa. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe dole wafarin zai sha, sababbin ba su dace da shi ba. Waɗanda ciwon ya samo asali daga lalacewar ƙofar zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta su ma haka: babban gwajin da aka wallafa a 2022 kan mutum sama da 4,500 a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka ya nuna mutuwa ta fi ƙaranci ga masu shan wafarin da danginsa a kan masu shan ribarokzaban. To ka ga idan irin wannan mutum ya ji maƙwabcinsa yana yabon sabon maganin da ya raba shi da awon jini, ya je ya canza da kansa, an yi ɓarna. Amma a lura, wannan hira tana faruwa yanzu haka a kan benci, inda babu mai cewa tsaya. A cikin ɗaki, likita yana jin maganar da kunnensa, ya tare ta nan take, ya bayyana wa kowa dalilin da ya sa na wane ya bambanta da na wance. Haka maganar aikin da likitoci ke yi a cikin zuciya na ƙona hanyoyin da ke rikita bugun, wanda ya samo tushe daga binciken likitocin Bordeaux a Faransa a 1998: wani ya yi ya ji daɗi, wani ya yi ciwon ya dawo, kuma gara wanda ke tunanin yi ya ji bakin duka biyun a gaban masani.

Akwai ƙananan matsaloli da kowa zai iya hangowa, mai surutun da zai cinye lokacin kowa, mai kawaicin da zai zo ya tafi bai buɗe baki ba, kurman da ba ya jin abin da ake faɗa daga nesa. Waɗannan aikin mai jan zama ne. Wanda aka gano ciwonsa jiya, hankalinsa a tashe, shi ma ganawarsa ta farko ta zama shi da likita da na gidansa kawai. Wanda ya zo da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ko suma, wurinsa sashen gaggawa ne.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan tsari hanyar rage kashe kuɗi. Ina hango shugaban asibitin da zai ji labarin ya yi lissafi: idan likita ɗaya zai ga goma a zama ɗaya, me zai hana ya ga talatin? Daga nan sai a cusa mutane a zaure, a cire ɗakin gefe, a bar ƙaramin ma'aikacin da ba shi da ikon taɓa magani ya riƙa karanta musu takarda, a rubuta a littafi cewa an duba su. Wannan ha'inci ne, kuma masu rauni zai fi cutarwa, waɗanda ba su da bakin cewa su dai likita suke son gani. Idan lokacin da aka samu ta hanyar daina maimaita magana bai koma kan marasa lafiyan ba, gara a bar su a layinsu na da.

Kawu yana nan yana shan maganinsa. Har yanzu idan za shi asibiti yakan rubuta tambayoyinsa a 'yar takarda, kuma har yanzu yakan dawo da rabinsu bai yi ba, domin yana ganin mutanen da ke jira a waje sai ya ji nauyin tsawaita zama. A zuwansa na baya-bayan nan ya ce mini wani matashi ya zauna kusa da shi a bencin, sabon kamu, da takardar magani biyu a hannu, yana juya ta. Kawu ya tambaye shi ko an gaya masa amfanin na biyun. Yaron ya ce an ce dai kada ya yi wasa da shi. Kawu ya fara yi masa bayanin 'yar aljihun nan da jini ke kwanciya a ciki, bai kai ga ƙarshe ba aka kira sunansa ya tashi ya shiga. Da ya fito yaron ba ya wurin.